Kotu ta sallami ƙanena, amma hotonsa yana nan yana yawo

Yaya Babba:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a yi min afuwa, na san ba irin maganar da muka saba ba ce amma abin ya tsaya min a wuya tun ranar Juma'a, ko barcin kirki ba na yi.

Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, a hannuna ya tashi tun rasuwar mahaifinmu. Gyaran waya yake yi. Shekara biyu da suka wuce wani yaro ya kawo masa waya a canza mata sikirin, ashe ta ƙwace ce. Bayan kwana uku aka bi sawunta aka zo har shago aka tafi da shi, wayar tana kan tebur ko gama aikin bai yi ba. Muna ta zirga-zirgar neman ganinsa, washegari da yamma sai ƙanwarmu ta kira ni tana kuka wai in duba Facebook. Na duba. An jera su su bakwai a ƙasa ba riga, an zube wuƙaƙe da adduna da wayoyi a gabansu, an rubuta wai gungun masu ƙwacen waya sun shiga hannu. Wallahi sauran shidan nan bai taɓa ganinsu ba sai a cikin sel. Kafin sallar isha shafukan labarai sun ɗauka, mutane suna ta tsinuwa a kwament, wasu har iyayenmu suke zagi, mahaifinmu da yake cikin kabari.

Ba zan faɗi ofishin ba kuma ba zan faɗi shafukan ba, ba rigima na zo nema ba. Kwana 19 ya yi kafin mu samu beli. Aka yi ta zuwa kotu wata huɗu, da aka kamo yaron da ya kawo wayar da bakinsa ya ce mai gyara bai san komai ba, alƙali ya sallame shi. Takardar tana cikin durowata yanzu haka. Ranar da aka sallame shi babu kyamara ko ɗaya a bakin kotu, mu uku ne kawai muka hau adaidaita muka dawo gida.

Bana ya samu yarinya, an yi gaisuwar iyaye, saura sa rana. Wajen bincike wani ya tura wa kawunta hoton nan ta WhatsApp. Ranar Juma'a bayan masallaci aka dawo mana da kuɗinmu.

Tambayata ɗaya ce don Allah, mutumin da kotu ba ta ko zauna a kansa ba, adalci ne a ɗauki fuskarsa a watsa wa duniya?

Uwar Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wlh sai da na yi hawaye. Allah ya saka masa, Allah ya musanya masa da mafi alheri. Hajiyarku fa, tana raye?

Yaya Babba:
Tana nan Hajiya, ita ce ma abin tausayin. Tun wancan lokacin ta daina zuwa biki da suna a unguwa.

Ɗan Kurna:
Yaya Allah ya baku haƙuri, na tausaya maka tsakani da Allah. Amma ni fa gaskiya ba zan goyi bayan a daina nuna su ba, kuma zan faɗi dalili. Bara da azumi bayan tarawihi ina tahowa gida yara uku suka tare ni, ban yi gardama ba na miƙa wayar amma duk da haka ɗaya ya sa min wuƙa a dantse, ɗinki tara aka yi min, har yau hannun ba ya ɗaukar abu mai nauyi kuma ni da hannun nake cin abinci. Na kai rahoto shiru. Bayan wata biyu ina kallon hoton wasu da aka kama sai na ga wanda ya yanke ni, ba zan taɓa manta fuskarsa ba, na tashi na je na ba da shaida. In da ba a sa hoton ba ta ina zan san yana hannu? Da yanzu an sake shi yana can yana yankar wani. Duk wanda yake zaune a garin nan ya san me ƙwacen waya ya yi mana, mutane nawa aka kashe a kan wayar da ba ta kai dubu hamsin ba. Masu cewa haƙƙin ɗan adam, mu da aka yanka ba 'yan adam ba ne?

Mai Kanti a Kwari:
Ɗan Kurna ka gama magana. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Yaran nan ba sa tsoron gidan yari, Kurmawa da Goron Dutse kamar ɗakin kwanansu ne, abu ɗaya da ya rage suna jin nauyi shi ne a gan su a unguwa.

Yaya Babba:
Ɗan Kurna sannu, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya isar maka. Ban zo kare wanda ya yanke ka ba. Amma ka duba, a hoton da ka gani su nawa ne a zaune? Kai ɗaya ka gane. Sauran fa, ka san yadda ta ƙare da su? Ƙanena ma a cikin irin wannan layin yake. Wataƙila a nasa hoton akwai ɓarawon gaske mutum biyu ko uku, ban sani ba, amma wuƙar da aka ajiye a gabansu ba a rubuta ta wane ce ba, duk mai kallo ya raba musu ita daidai.

Barista Ƙarama:
Salam. Ban cika magana a nan ba amma wannan aikina ne, bari in ɗan sa baki.

Kundin tsarin mulki na 1999 sashe na 36(5) a fili yake, duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 34 ya ce a kiyaye mutuncin ɗan adam, kar a wulaƙanta shi. Sashe na 35 kuma ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. A cikin birnin Kano ina ne ya yi nisan kilomita 40 da kotu? Ga Nomansland ga Gyaɗi-gyaɗi ga Miller Road ga sakatariyar Audu Bako.

Abin da mutane ke haɗawa shi ne ɗaukar hoto da watsa hoto, kuma ba ɗaya ba ne. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce in an kama mutum a rubuta bayanansa, tsayinsa, hotonsa, zanen yatsunsa. Wannan na fayil ne, na bincike. Babu inda ta ce a tuɓe masa riga a kira 'yan jarida. Legas ma a 2021 sai da suka gyara tasu dokar suka rubuta ƙarara cewa an hana holen waɗanda ake zargi a gaban kafafen labarai. Babban lauyan nan Femi Falana ya daɗe yana wannan faɗan. A farkon 2025 kuma ministan shari'a Lateef Fagbemi ya ce a daina, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin Kayode Egbetokun ya bi da nasa umarnin. To ka ga ba wai ra'ayin wasu 'yan boko ba ne, shugabannin aikin da kansu sun yarda abin ba daidai ba ne.

Ɗan Kurna, abin da ya faru da kai akwai hanyarsa a doka. Ana kiran wanda aka yi wa laifi ofis, a jera wanda ake zargi cikin wasu mutane masu kama da shi, a ce ya nuna. Wannan shaidar ta fi ƙarfi a gaban alƙali. Wanda ya fara ganin hoto a Facebook sannan ya zo ya ce shi ne, lauyan da ya san aikinsa zai iya rusa shaidarsa da tambaya biyu. Wato hoton ma yana iya kuɓutar da mai laifin.

Ɗan Kurna:
Barista da girmanki, wannan a takarda ne. Wa ya kira ni? Lambata tana wajensu wata biyu ko flashin ba a yi min ba. Ke kina maganar yadda ya kamata, ni ina maganar yadda ake.

Barista Ƙarama:
Gaskiyarka, kuma laifi ne da ba a kira ka ba. Amma gyaran wannan shi ne a riƙa kiran masu ƙorafi. Ba zai yiwu don an kasa kiran mutum ɗaya a waya ba a ce mutum bakwai su biya da mutuncinsu.

Mai Kanti a Kwari:
Ni dai na san abu ɗaya, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Masu gyaran waya da masu saye a Farm Centre da Beirut wasunsu sun san kayan sata sarai suke karɓa, in babu mai saye ai babu mai ƙwace. Ban ce ƙanenka ba Yaya, amma a riƙa tambayar rasit.

Mai Gyara Beirut:
Alhaji dakata. Shekarata 11 ina wannan sana'ar. Mutum ya kawo maka waya sikirin ya fashe ka ce ina rasit, kai yanzu wayar da kake wannan rubutun da ita ina rasit ɗinta? Rabin wayoyin garin nan na hannu ne, daga wannan zuwa wancan. Saye daban gyara daban. Mai saye dole ya nemi kwali da shaida ya ɗauki hoton mai sayarwa, mu ma muna yi, kuma duk wanda ya kawo a cire masa kulle ko a goge waya gaba ɗaya ba na taɓawa sai na ga shaida. Amma canjin sikirin ko wajen caji? Wlh abin da ya samu yaron nan kowannenmu zai iya samu gobe, ni tun da na karanta gabana yake faɗuwa.

Malamin Islamiyya:
Bismillah. Alhaji mai kanti, Allah ya yi maka albarka, ka janye maganar daddawar nan, domin kotu ta wanke yaron kuma yayansa yana karantawa.

Jama'a mu da muke cewa mu musulmi ne, wannan mas'alar ai addininmu ya riga kowace doka magana a kanta. Ƙa'ida ce sananniya, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A suratul Hujurat an ce mana idan fasiƙi ya zo da labari mu bincika kar mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama, a cikinta kuma aka ce mu nisanci yawan zato. Wanda ya yi wa mace kamila ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba bulala 80 ce a kansa, don a nuna mana nauyin mutunci. Annabi Yusuf alaihissalam shekaru ya yi a kurkuku ba da laifi ba, kuma da aka zo fitar da shi bai fita ba sai da ya nemi a binciki maganar matan nan a wanke sunansa tukuna. Ku lura da wannan. Fita daga kurkuku ba ta ishe shi ba sai da wankewa a gaban waɗanda suka ji zargin.

Na san wani zai ce ai a suratun Nur an ce wani ɓangare na muminai su halarci haddi. Haka ne. Amma haddi bayan hukuncin alƙali yake zuwa, bayan shaidu ko iƙirari ba tare da tilas ba. Kuma waɗanda suka halarta sun gani sun watse. Ba a ce a ajiye abin ana nuna wa 'ya'yansa bayan shekara 20 ba, alhali ƙila ya tuba Allah ya karɓa.

Mai Kanti a Kwari:
Allah ya gafarta Malam na janye. Yaya ka yi haƙuri, ba da niyyar ɓata maka rai na faɗa ba.

Yaya Babba:
Ba komai Alhaji, ya wuce.

'Yar Sharaɗa:
Ni tambayata ina masu manyan riguna? Wanda ake zargi da cinye biliyoyi za ka gan shi ya shigo kotu da babbar riga da hula da tabarau yana ɗaga wa magoya baya hannu, lauyoyi goma a bayansa. Ban taɓa ganin an zaunar da irinsu a ƙasa ba riga an zube takardun banki a gabansu ba. Kullum ɗan talaka ne, ɗan adaidaita, ɗan ga-ruwa, almajiri. Kuma in mace ce abin ya fi muni wlh, mace aka sa fuskarta sau ɗaya an kama ta a wani waje, ko kuskure ne ko rakiya ta yi, ta gama aure a garin nan, ƙannenta mata ma sai abin ya shafe su.

Tsohon Ɗan Jarida:
Bari in faɗi abin da ba na jin daɗin tunawa. Na yi shekaru ina zuwa irin wannan holen da rikoda a hannu. Za a fito da su, mu kuma mu miƙa musu makirufo muna tambaya, kai me ya sa ka aikata, sau nawa ka taɓa yi. Mutum yana tsaye jami'ai kewaye da shi, ya kwana biyu a sel, babu lauya babu ɗan'uwa, me kake so ya ce? Da yawa za su ce sharrin shaiɗan ne don kawai a ƙyale su. Mu koma ofis mu watsa da yamma. Ban tuna ranar da edita ya ce min koma kotu ka ji yadda shari'ar wancan ta ƙare ba, ni ma kuma ban taɓa cewa zan je ba. Bibiyar shari'a wahala ce, a ɗage yau a ɗage gobe, wata shida ba labari. Hole kuwa minti 30 ka samu labari da hoto da murya.

A lokacinmu ma da sauƙi, rediyo iska ce, jarida kuma gobe an naɗe ƙosai da ita. Yanzu abin da aka sa ba ya mutuwa. Ko shafin farko ya goge, wasu hamsin sun kwafa, ga sikirinshot a wayoyin mutane, ga TikTok an ɗora masa kiɗa.

Kuma ba mu kaɗai ke wannan muhawarar ba. A Amurka hoton da ake ɗauka in an kama mutum a jihohi da yawa kowa na iya samu, sai wasu suka buɗe shafukan intanet suna tara hotunan, in kana so a cire naka ka biya kuɗi, ko da kotu ta wanke ka. Sai da jihohi suka yi ta yin dokar hana karɓar wannan kuɗin. 'Yan sandan San Francisco a 2020 suka daina sakin irin hotunan sai in akwai haɗari ga jama'a ko ana neman taimako wajen gano mutum, jihar Kalifoniya kuma a 2021 ta hana 'yan sanda ɗora hoton wanda ake zargi da laifin da ba na zubar da jini ko tashin hankali ba a soshiyal midiya. Maganar 'Yar Sharaɗa ma a can haka take. Donald Trump an ɗauki nasa a jihar Jojiya a watan Agusta 2023, mutanensa suka buga a riguna da kofuna suka sayar suka tara kuɗin kamfen. Mai ƙarfi hoton bai rage shi da komai ba. Mai gyaran waya kuwa ga shi aurensa ya tafi.

Ɗan Kurna:
Baba na ji, amma Amurka daban nan daban. Can in an kama mutum ka san za a yi shari'a. Mu nan fa? Ku tuna Hanifa. Yarinya 'yar shekara biyar, mai makarantarsu Abdulmalik Tanko ya sace ta ya kashe. Da ba a fito da shi duniya ta gan shi ta ji bakinsa ba a farkon 2022, kuna ganin da an yi saurin da aka yi? Cikin watan Yuli na shekarar aka yanke masa hukuncin kisa. Matsin jama'a ne ya sa. Da a ɓoye aka yi da yanzu ana nan ana ɗage zama.

Tsohon Ɗan Jarida:
Ɗana ka taɓo inda ciwon yake. Mutane suna son hoton ne saboda ba su yarda da abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa ba. Hoton ya zama kamar rasit, jami'i yana nuna wa na sama da shi da jama'a cewa ga aiki ina yi, jama'a kuma suna riƙe shi a matsayin shaidar cewa an kama, kar gobe a ce ba a kama ba. Na fahimci wannan sosai. Amma a shari'ar Hanifa abin da ya ɗaure mutumin shaidu ne da hujjojin da aka gabatar a babbar kotu, kuma kotun a buɗe take, 'yan jarida suna ciki kullum. Matsin jama'a ya biyo shari'ar har ƙarshe. A sauran dubban kes ɗin fa? Muna kallon hoto mu yi tsinuwa mu wuce, ko sunan kotun da za a kai su ba ma tambaya.

Uwar Biyu:
Ni abin da ke ban tsoro yara ne. Ku tuna yaran da aka kama lokacin zanga-zangar Agusta 2024, da yawansu 'yan Kano, aka kai su kotu a Abuja a watan Nuwamba wasu suna faɗuwa don yunwa, daga baya shugaban ƙasa ya ce a sake su. An sake su, amma fuskokinsu suna nan a ko'ina. Yaro ɗan 14 in ya kai 25 ya je neman aiki ko aure wannan bidiyon yana jiransa.

Ɗan Kurna:
Hajiya amma bidiyon nan ne fa ya sa aka sake su. Da ba a gani ba da suna can.

Uwar Biyu:
Haka ne kuma. Wannan kam ban san me zan ce ba. Amma ai ana iya nuna halin da suke ciki a rufe fuskar.

Barista Ƙarama:
Ɗan Kurna ni ban ce kar a taɓa sa hoton kowa ba. Wanda ake nema ya gudu, mai garkuwa da mutane, wanda ya tsere daga gidan yari, a sa hotonsa ko'ina, saboda akwai aikin da hoton zai yi. Wanda kotu ta kama da laifi, hukuncin kotu ba sirri ba ne, a faɗa. Amma wanda yake hannu a kulle, ba inda za shi, ba a kai shi gaban alƙali ba, me hoton zai ƙara? In sanarwa ake so a ce an kama mutum bakwai a yanki kaza, an samu waya kaza, duk wanda aka yi wa ƙwace tsakanin rana kaza da kaza ya zo ofis, za a kai su kotu kaza ranar kaza. A nuna wayoyin. Da kai ka ga wannan ai za ka je.

Ɗan Kurna:
Zan je. Amma ban yarda za su yi hakan ba. In aka hana hoto abin da zai faru shi ne mu daina jin komai kwata-kwata, a kama da daddare a saki da asuba. Ni har yanzu ina kan bakana a kan wanda aka kama dumu-dumu da makami a hannu. Na ƙanen Yaya dai na yarda zalunci ne.

Baba Tela:
'Ya'yana ni ba ilimin doka gare ni ba. Abin da na sani, a watan Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo an tare mafarauta 'yan jihar nan suna hanyar dawowa gida sallah, aka ga bindigogin farauta aka ce masu garkuwa ne, aka kashe 16. Duk garin nan mun yi kuka mun ce me ya sa ba a bincika ba, me ya sa ba a kai su hukuma ba. To waɗancan ma ganin ido suka yi suka yanke hukunci. Mu da muke zagin yaro a kwament daga ganin wuƙa a gabansa, ban ce ɗaya muke da su ba, Allah ya kiyaye, amma hanyar tunanin ɗaya ce. Kuma mutumin da aka sa hotonsa aka sake shi, in wata rana aka yi ihun ɓarawo a kusa da shi wani ya ce ai na san fuskar nan, wa zai tsaya jin bayani?

Yaya Babba:
Baba wannan shi ne abin da ke hana Hajiyarmu barci. In ya wuce magariba bai dawo ba sai ta fito ƙofar gida ta tsaya. Shagon ma sai da ya tashi daga inda yake ya koma wata unguwa, kwastomomi suka gudu, wa zai ba ɓarawon waya wayarsa. Na bi shafuka huɗu da saƙo na tura musu takardar kotu. Ɗaya ya goge ya ba da haƙuri, Allah ya saka masa. Biyu ko amsa babu. Na huɗun ya ce sai na ba da na data.

Barista Ƙarama:
Kar ka ba shi ko sisi Yaya, kuma ka ajiye sikirinshot ɗin maganar. Ka je rajistarar kotun ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, ba fotokwafi kawai ba. Lauya ya rubuta wa shafukan wasiƙa, da yawansu daga ganin wasiƙar lauya suke gogewa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ba mutum damar neman a goge bayanansa a wasu yanayi. Sannan sashe na 35(6) ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a, ana shigar da irin wannan ƙarar a babbar kotu. Ba zan yi maka alƙawarin nasara ba sai na ga takardun, kuma yana cin lokaci. In ba hali akwai hukumar ba da tallafin lauya kyauta da hukumar kare haƙƙin ɗan adam, duk suna da ofis a Kano. Ka yi min magana ta inbox.

Malamin Islamiyya:
Maganar auren kuma kar ku yi fushi ku rufe ƙofa. Kawun yarinya amana ce a wuyansa, abin da ya gani ya tsorata shi, kowane uba zai tsorata. Ku samu mai unguwarku da limamin da yaron yake sallah a bayansa, ku ɗauki takardar kotun ku je da kanku. In kuna so ni ma zan bi ku.

Ɗan Gwammaja:
Yaya tun ɗazu nake karantawa na kasa rubutu. Hoton da ka kwatanta, su bakwai ba riga da adduna a gaba, ina jin na yi sharin ɗinsa a lokacin, har na rubuta Allah ya ƙara tona asirinsu. Yanzu na koma baya a shafina ina nema, na same shi, mutum 43 suka ƙara yin sharin daga wajena. Na goge. Ban san wanne ne ƙanenka a ciki ba. Don girman Allah ka roƙar min shi gafara.

Yaya Babba:
Na biyu daga dama, mai ɗan tabo a goshi, faɗuwa ya yi daga keke yana ɗan shekara shida ni na kai shi kemis. Zan faɗa masa. Amma in ba damuwa kar ka tsaya a gogewa, in na karɓo mai hatimin zan turo maka, ka ɗora a inda ka ɗora wancan, ba sai ka sa suna ba, shi ma sai na tambaye shi in ya yarda tukuna.

Ɗan Gwammaja:
In sha Allahu zan ɗora, kuma zan bi 43 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Kurna:
Ni ma a turo min.

Yaya Babba:
Malam na yi magana da mai unguwa yanzu a waya, ya ce ranar Laraba bayan la'asar. Kawun bai ɗauki wayata ba tukuna, amma babban wan yarinyar ya ce mu zo. Zan turo maka kwatancen inda za mu haɗu.